Akuyar da Arvid Yake Kira

Ranar da Corinne ta kai wa ubanta akuya ina wurin, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. 'Yar akuya ce fara mai baƙin kunne, ta aro ta wajen wasu masu kiwo a bayan gari, ta ɗauko ta cikin kwali a bayan mota. Nas-nas suka taru a bakin ƙofar ɗakin, kowa da takunkumi a fuska saboda murar da ta ɓarke a gidan jinyar, ni ma sai da suka ɗaura mini nawa kafin na shiga. Aka ɗora wa Arvid akuyar a cinya. Ya dube ta, ya dubi 'yarsa, ya dube ni. Sai ya sa hannun hagu, wanda shi kaɗai ya rage masa, ya share farantin abincin da ke gabansa ya watsar a ƙasa.

"Akuya!" in ji shi, yana dukan gefen kansa da tafin hannu. "Akuya! Akuya!"

Arvid Tollefson abokina ne tun muna kurata. Tare muka yi soja a Jamus, tare muka dawo jiharmu North Dakota, shi ya koma gonar ubansa, ni na buɗe gareji. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a tsakiyar gonar waken suya lokacin girbi, maƙwabci ne ya tsince shi kusa da tarakta. Ya farfaɗo ba hannun dama, ba ƙafar dama, rubutu ba ya tsaya masa a ido, baki kuma ba abin da ya rage a cikinsa sai wannan kalma ɗaya. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Corinne kaɗai gare shi, ita kuma a birnin Fargo take aiki, tana ta zirga-zirga har ta rame.

Likitar gidan yarinya ce mai haƙuri, ban ga laifinta ba. A waje ta same mu ta ce ta gwada shi ta kowace hanya. Ta ce masa ɗaga hannu, bai ɗaga ba. Ta ce rufe ido, sai ya zuba mata ido. Kalmar nan da yake maimaitawa, in ji ta, wani ɓurɓushi ne ya maƙale, ba lallai tana da ma'ana ba.

Da ta wuce, Corinne ta jingina da bango, akuyar na cin gefen rigarta.

"Kawu Lyman, na gaji," ta ce. "Ƙarshen wata za a mai da shi Fargo. Akwai sashen da ake kula da irinsu."

"Sashen da ake kulle ƙofa."

"Sashen da ba zai ji wa kansa ciwo ba."

"Na taɓa zuwa dubiya wurin. A ɗirka wa mutum maganin barci safe da yamma, a jera shi gaban talabijin yana zubar da yawu. Can za ki kai Arvid?"

"To me kake so in yi? Ya ce akuya, na kawo akuya! Ka ga abin da ya yi!"

Na dubi dabbar nan, sai abin ya faɗo mini, har na ji haushin kaina da ban gane tun farko ba. Arvid ko kaza bai taɓa kiwo ba. Akuya ɗaya ce ya taɓa sani a rayuwarsa, ita kuma tayoyi shida gare ta.

Na gaya mata. A takardun soja lamba ce sunanta, amma ba sojan da ya taɓa kiran ta da lamba, Akuya kowa yake cewa, saboda ba tudun da ba ta hawa. Mota ce mai gaɓa a tsakiya, gaba na karkata dama baya na karkata hagu, injin dizal ɗinta kuma a bayan ƙeyar direba aka dasa shi. Arvid shi ne direbanta a kamfaninmu, ni ne sajen gareji mai gyara ɓarnarsa.

"Mota," in ji Corinne, muryarta a mace. "Yanzu kuma mota."

"Hankalinsa yana nan, yarinya. Ita yake kira. Ki bar ni in kawo masa ita."

"A ina za ka samo ta? Ai sun daɗe da zama gwangwani."

"Wannan kuma ba ruwanki. In ya gan ta ya nuna miki yana cikin hayyacinsa, za ki fasa?"

Ta goge ido da bayan hannu. "In ya nuna. Amma ƙarshen wata ƙarshen wata ne, Kawu, an riga an ware masa gado."

Muna da ƙungiya ta masu tara tsofaffin motocin soja, tsofaffi masu tumbi da hular kaki, ba mu da aiki sai gardama a kan kusoshi da launin fenti. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a waya. Jif kam kowa yana da ita, wani ma har biyu. Amma da na ce Akuya sai dariya. Wani ya ce shi ko kyauta aka ba shi sai an haɗa masa da sabon ƙashin baya. Duk da haka suka baza magana, kira ya fara shigowa.

Matsalar mutanen karkara, duk abin da aka shafa wa koren fenti motar yaƙi ce a wurinsu. Wani manomi daga wajen Minot ya rantse mini yana da mai taya shida a bayan rumbunsa. Na tuƙa a-kori-kurata rabin yini, tun daga bakin titi na hango dogon hancinta na san na yi asarar mai. Babbar motar ɗaukar kaya ce ta zamanin yaƙin Koriya, mai kyau kuwa, amma ba ita nake nema ba. Wata dattijuwa ta ce marigayi mijinta ya bar wani abu mai lanƙwasa a garejinsa, na je na tarar da 'yar motar ƙanƙara mai sarƙa a madadin taya. Ta ba ni kofi da kek ɗin tuffa, ta sa na faɗa mata sunan abin da shekarar da aka ƙera shi, ta yi ta kuka. Wani kuma da jif ɗin gona ya tare ni, wai kakansa ya yi yaƙin duniya da ita. Na ƙirga tsagar hancinta, bakwai, ta soja kuwa tara gare ta, ga ƙofar baya irin ta ɗaukar taki. Ban gaya masa ba, don ba ni da lokacin rigima.

Wata yana ta gudu. Tsakanin tafiye-tafiyen nan ina leƙa Arvid, in zauna a gabansa da takunkumina ina ba shi labari. In ce, "Kofur, ka ƙara haƙuri, ina hanya." Shi kuwa sai ya ƙura mini ido, ya daki gefen kansa, ya ce kalmarsa. Wata rana na tarar sun fara ba shi maganin kwantar da hankali, kansa ya langaɓe. Na fito na zauna a mota cikin fushi. Na ce ko a ƙarƙashin ƙasa take sai na tono ta.

Verna Brekke ce ta kira ni daga ƙarshe, shugabar 'yan kwana-kwana na sa-kai a wani ƙauye kusa da iyakar Kanada. Murya gare ta kamar tana kiran shanu.

"Kai ne tsohon da ke neman mummunar mota? Akwai wata a bayan tasharmu, da ita ake kashe gobarar daji tun ina yarinya. Ja ce dai, ba koriya ba."

"Tana da gaɓa a tsakiya?"

"Oho. Ciyawa ta cinye tsakiyar. Ka zo ka duba da idonka, ni ba 'yar aikenka ba ce."

Na je. Ga ta can ta nutse cikin ciyawa har cibiyar taya, jan fentin ya koɗe, an ɗora mata tankin ruwa a baya, an yi mata rufin katako da ba nata ba. Wani zai wuce ta bai sani ba. Ni kuwa da na ga yadda gabanta ya kwanta gefe guda, bayanta ya kwanta ɗaya gefen, sai na nufe ta kai tsaye. Na kutsa cikin ciyawar na shafa gaɓar, na leƙa bayan kujerar direba, ga injin nan a inda na san shi. Na sa wuƙa na kankare jan fentin a gefen ƙofa, koren soja ya leƙo.

"Ita ce?" in ji Verna.

"Ita ce, 'yar banza. Ita ce."

"To kada ka yi mini kuka a nan. In ka tashe ta, na ara maka. In ba ka tashe ta ba, ka kwashe mini ita, dama ta ishe ni."

A tashar na tare. Ɓeraye sun yi sheƙa a mashigar iska, dizal ɗin tanki ya zama kunu, birki ya kafe. Ga sanyi ya fara shigowa, ni kuma gwiwa ɗaya ta ƙarfe ce, in na kwanta ƙarƙashin mota sai na yi shawara da jikina kafin in tashi. Verna takan zo da kofi da naman barewa cikin burodi, ta tsaya a kaina tana tsiya.

"Saje, ka mutu ne a ƙarƙashin nan? Ka gaya mini da wuri, motar asibitinmu ma ba ta da lafiya."

"Miƙo mini sifana ki rufe mini baki."

"Haka kuke yi wa mutane magana a soja?"

"Wannan ai ladabi ne. Da kin ji Arvid."

Ina kwance ina kwance kusoshi ina ba ta labarinsa, don hannu ya fi tafiya in baki yana motsi. Na gaya mata yadda muke ɗaure gwangwanin wake da waya a jikin injin, kafin a kai zango ya yi zafi. Doka ɗaya ce, ka huda murfin. Wani kurtu bai huda nasa ba, muna cikin daji ya fashe, Arvid ya yi tsalle ya faɗa cikin taɓo yana ihu wai Rashawa sun iso, muka yi mako muna warin wake. Na gaya mata ranar da wani ƙaramin hafsa ya karanta a littafi cewa Akuya tana iyo, ya ce sai an haye kogi da ita. Arvid ya ce, "Ranka ya daɗe, ita ba ta karanta littafin ba." Aka ce umarni ne. Ya shiga. Ta tafi kaɗan, sannan ta fara nutsewa a hankali ba gaggawa, shi kuwa yana zaune riƙe da sitiyari, ruwa ya kai masa ƙirji, ya juyo ya sara wa hafsan.

Verna ta yi dariya har kofi ya ƙware ta. Da ta lafa ta ce, "In ka kai masa bai gane ta ba fa?"

"Zai gane."

"In bai gane ba, nake tambaya."

"Na ce zai gane. Riƙe mini fitilar nan."

Ranar da Akuya ta tashi, sai da ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi da gashin ɓera, sannan ta saki kukan nan nata. Karen tashar ya fita da gudu bai dawo ba sai yamma. Verna ta toshe kunnuwa tana zagina, ina ganin bakinta yana motsi. Ni kuwa dariya nake yi kamar mahaukaci.

Ana jibi za a tafi da shi muka ɗora Akuya a tirela, Verna ta ce ba za a yi wannan kallo ba ita ba. Da hantsi muka sauke ta a ƙarshen farfajiyar gidan jinyar, muka gangaro da ita ba tare da an kunna ba. Corinne ta turo ubanta a keken guragu, an lulluɓe shi da bargo, likita da nas biyu na biye. Na roƙi a ɗaga masa maganin safe, sun yarda.

Ya gan ta. Wallahi ya gan ta. Idonsa ya bi ta tun daga hanci har wutsiya, ya tsaya a kan gaɓar, gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa. Corinne ta matso da shi, ya ɗora hannu a kan tayar gaba.

"Ga ta nan, Kofur," na ce ta cikin takunkumi. "Ga Akuyarka. Gaya musu."

Ya ɗago ya dube ni. Sai fuskarsa ta canza, ya girgiza kai, ya girgiza da ƙarfi. Ya janye hannunsa daga tayar ya daki gefen kansa. "Akuya," ya ce, kamar mai roƙo. "Akuya."

"Baba, ita ce wannan?" in ji Corinne. "In ita ce ka ɗaga hannu. Baba, ɗaga hannu kawai."

Bai ɗaga ba. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Likita ta ce a hankali, haka yake ce wa taga, haka yake ce wa faranti. Corinne ta taɓa kafaɗata.

"Ka yi ƙoƙari, Kawu. Allah ya sani ka yi ƙoƙari. Sanyi ya yi masa yawa, bari in mai da shi."

Ta juya keken suka nufi ƙofa. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni, kunya da baƙin ciki sun cika ni. Sai taurin kaina ya motsa. Na ce ai bai ji muryarta ba. Wa zai gane Akuya tana shiru? Na haye kujera da gwiwata ta ƙarfe na murɗa makunni.

Akuya ta kwarma ihu. Nas ɗaya ta yar da abin da ke hannunta, ɗayar ta durƙusa. Wata mota a farfajiyar ta kama jiniya ita kaɗai. Tsuntsaye suka tashi daga kan rufi, labulen tagogi suka yi ta ɗagawa. Corinne ta saki keken ta toshe kunnuwa biyu, ta juyo a fusace.

Arvid yana zaune ya ba ni baya. Bai juyo ba. Ko kafaɗarsa ba ta motsa ba. Yana can yana kallon ƙofar gidan, hannunsa a kan bargo.

Na ƙura wa ƙeyarsa ido, injin na girgiza mini haƙora, sai na tuna ɗakin cin abinci na barikinmu. In mutum ya yini yana tuƙa wannan aba, yakan sauko da kukanta a cikin kai, sai gari ya waye kafin ya ji maganar mutane. To in wani ya yi maka magana, ko hafsa ne, ba ka wahalar da kanka. Sai ka daki gefen kanka ka ce, "Akuya." Kowa ya san ma'anar, wato kada ka ɓata yawunka, ba na jin komai. Ni da bakina na faɗe ta ba adadi. Amma da yake ni mutumin ƙarfe ne, da na ji sunan sai hankalina ya tafi kan taya da inji, na yi ta yawo a jihar nan ina neman mota, alhali mutumin yana gaya mini kunnensa ne ya mutu. Haba Lyman, tsohon banza!

Na bar ta tana kuka na diro. Na kama keken na juyo da shi, na fizge takunkumin daga fuskata, na durƙusa daidai idonsa.

"Kofur," na ce, ina buɗe baki sosai. "Ba ka ji?"

Idonsa ya sauka kan leɓɓana. Ya kama wuyan rigata da hannun hagu kamar zai shaƙe ni, yana gyaɗa kai, yana gyaɗa kai, wani sauti yana fita daga maƙogwaronsa.

Corinne tana ihu a kashe injin. Na ce mata ta dakata. Gyaɗa kai kaɗai ba zai hana gadon Fargo ba, na san sai sun ga abin da ba shi da musu. Na duba farfajiyar. Akwai wani ɗan gurbi tsakanin motar asibiti da wata sabuwar mota shuɗiya, da ƙyar zai ɗauki Akuya. Na nuna wa Arvid gurbin, na nuna motar, na nuna kaina, sannan na nuna shi.

"Da baya," na ce. "Ba ni hannu."

Ya dubi gurbin, ya dube ni, ya ɗaga gira ɗaya, irin kallon da yake yi wa hafsoshi. Sannan ya ture bargon daga hannunsa.

A bariki direba ba ya yin ribas sai da mai ba shi hannu a ƙasa. Idonka a kan hannunsa yake, ba madubi, ba waiwaye, in ya ɓace maka ka taka birki. Na tura keken inda zai ga gefe biyu, na hau, na gyara mata tsayuwa, na sa giya.

"Wannan shuɗiyar tawa ce fa!" in ji likita.

"To ki yi addu'a, 'yata," in ji Verna, ta riƙe mata hannu.

Arvid ya ɗaga tafinsa ya tura iska, wato ja baya. Na saki kulochi. Akuya ba ta son ribas, gaba na zuwa nan baya na zuwa can, ga ni rabona da ita tun ina da baƙin gashi. Ya miƙa hannu hagu, na murɗa. Ya ƙara, na ƙara. Sai ya dunƙule hannu a sama, na taka birki. Ya harare ni, ya kaɗa yatsa, wai na yi yawa. Ya jawo ni gaba kaɗan, ya gyara ni, ya sake tura ni. Ban san abin da ke bayana ba, ban kuma duba ba. Hannun nan guda ɗaya nake kallo, yana rawa don rashin ƙarfi amma bai yi kuskure ba. Ya haɗa babban yatsa da manuni yana rage tsakaninsu, kaɗan, kaɗan, saura ƙiris. Ya dunƙule. Na tsaya. Sannan ya ja yatsa a maƙogwaronsa, na kashe injin.

Verna ta leƙa tsakanin tayar baya da shuɗiyar motar, ta zura tafin hannunta, da ƙyar ya shiga.

"Tabɗi," ta ce. "Ni mai hannu biyu ba zan iya ba."

Likita ta riga ta iso wurinsa, ta sauke takunkuminta, ta tsaya a gabansa ta ce rufe ido. Ya rufe. Ta taɓa shi ya buɗe, ta ce nuna mini 'yarka. Ya nuna, da kallon wanda aka raina wa hankali. Ta zaga bayansa ta tafa hannu da ƙarfi daidai kunnensa, ko gezau. Ta ce gobe-gobe mai duba kunne zai zo, maganin nan kuma an daina shi daga yau. Sai ta juya wajen Corinne.

"Dama yana sa na'urar ji? Wataƙila ta faɗi a gona ranar da ya faɗi."

Corinne ta dubi ubanta. "Ban sani ba," ta ce. "Ban sani ba. Kullum in mun zauna fuskata yake kallo, na ɗauka..." Ta dube ni.

Ni ma ban sani ba. Arvid da girman kai, ko ƙafarsa ce ta guntule sai ya ɓoye ta cikin takalmi. Mu kuwa tsofaffin direbobi dama da ihu muke hira tun muna samari, wa zai lura wani ya fi wani kurumta?

Ta durƙusa a kan kwalta a gabansa, ta cire takunkumin.

"Baba. Na shirya kai ka Fargo jibi. Kana so?"

Ya bi bakinta da ido har ta gama. Ya ɗaga hannu ya dunƙule shi a sama.

"Me yake cewa, Kawu?"

"Tsaya, yake cewa."

"To na tsaya," ta ce masa. "Na tsaya, Baba. Ka yafe mini."

Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Ya bar ta kaɗan, sannan ya sa hannu a haɓarta ya ɗago fuskarta inda zai gani. Ya taɓa leɓɓanta da yatsa, ya juya tafinsa sama yana kiran ta da shi, yana kira.

Ta sake dubana.

"Taho, yake cewa. Ki ci gaba da magana."

"In ce me?"

"Ko ma mene ne, yarinya. Tun girbi ba wanda ya ce masa komai."

Ta share hanci ta fara. Ta ce maƙwabta sun haɗu sun girbe masa waken gaba ɗaya, ba abin da ya lalace. Ta ce karensa yana wurinta, ya cinye mata takalmi. Ta ce an gyara rufin coci. Duk lokacin da ta tsaya numfashi, sai hannun nan ya sake kiran ta, ita kuma ta ci gaba.